Hunturun da Dakta Ya Tsare Raga

Azumin bana a cikin sanyi ya same mu. Tun da aka ga wata ruwa bai ɗauke ba a Birmingham, irin yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi. Ranar sha biyu ga wata ina kicin ina dama kunu autata Hanan ta kira daga Manchester, inda take karatu a uni.

"Mama, an sa ranar awards ɗinmu, Asabar ta biyu bayan Sallah. Ke da Abba za ku zo, ko? Ban san ko zan samu komai ba, but ina so ku zo."

Hanan ƙwallon gora take bugawa, ta kan ƙanƙara, wadda su suke cewa hoki. Duk ƙarshen kakar wasa ƙungiya takan taru a ci abinci a raba kyaututtuka. Kafin in goge hannuna Abbanta ya amsa mata daga falo cewa za mu zo, ni ma na ce Allah ya kai mu. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni, in ɗaga labule in sauke, in fita Stratford Road sayen abin da nake da shi a gida. Na taɓa zuwa irin wannan taro sau ɗaya, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, a wani hunturun da shi ma azumi ya faɗo cikinsa.

A watan Satumba na iso Manchester, da goyon Walida, 'yar farinmu, tana wata bakwai. Maigidana, wanda har yau Dakta nake ce masa, ya riga ni da shekara guda. Yana digiri na biyu, yana kuma shirin jarrabawar da ake yi wa likitocin waje kafin a ba su izinin aiki. Ni kuwa nas ce, shekara biyar ina aiki a ɗakin yara a Kano. Da na zo aka ce takarduna sai an tantance su, sai na yi wani kwas, sai an sami gurbi. Babu mai riƙe mini yarinya, don haka maganar ta tsaya nan.

Gidan da muka zauna yana unguwar Levenshulme, a cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna. Ɗaki biyu muka kama a ƙasa. Bangon ɗakin kwana kullum gumi yake, fumfuna ta yi masa baƙi a kusurwa. In na goge da safe, kafin sati ta dawo. A cikin ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bango ɗaya ne kawai yake aiki, na falo, shi ma awa biyu da safe awa biyu da yamma muke kunnawa don kada gas ya ƙare mana. Zanin gado in ka shiga kamar an yayyafa masa ruwa. Man gyaɗan da na zo da shi ya daskare a kwalba, sai na sa cokali. Da aka shiga Nuwamba, ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Nakan goya Walida in yi ta kai-komo tsakanin taga da ƙofar kicin, taku tara zuwa, taku tara dawowa. Ba ni da inda zan je. Wayar gida sai da kati, a akwatin waya na bakin titi, sau ɗaya a wata, rabin maganar duk "kina jina?" ce.

A Oktoba sakamakon jarrabawar Dakta ya zo. A tsaye ya buɗe wasiƙar, ya karanta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce, "Ba a dace ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da tun daga firamare bai taɓa zuwa na biyu ba. Ya ci gaba da zuwa makaranta, ranar Juma'a da Litinin yana aikin jera kaya a wani sito, in ya dawo ya zauna gaban littafi ba ya juya shafi. Abinci ya ci loma uku ya ture. Na yi lallashin, na yi shirun, duk ɗaya.

Wata Laraba sai ga shi yana jan wata baƙar jaka, girmanta ya kai a sa ɗan maraƙi. Da ƙyar ta shige ƙofa.

Na ce, "Dakta, wannan fa?"

"Kayan gola ne."

"Golan me?"

Ya ce wani ɗan ajinsu, Tom, shi ne kyaftin na ƙaramar ƙungiyar hoki ta jami'a, ta 'yan koyo. Golansu ya gama karatu ya tafi, babu mai son tsayawa a raga. Tom ya ji Dakta ya taɓa tsaron gida a ƙwallon ƙafa lokacin yana Zariya, ya ce ya zo ya gwada, kaya na ƙungiya ne, aro za a ba shi.

"Ka iya tafiya a kan ƙanƙarar?"

"Gola ba ya tafiya, Rabi. Tsayawa yake."

Da ya zuge jakar sai da na ja baya. Warin gumin mutanen da ban sani ba ne, na shekara da shekaru, ya cika falon. Ga wasu katifu biyu na ɗaurawa a ƙafa, ga sulken ƙirji, ga hular kwano mai keji a fuska, ga takalma masu wuƙa a ƙasa. Ina kallonsa yana jujjuya hular a hannu, sai na ga fuskarsa ta saki, karon farko tun zuwan wasiƙar. Shi ya sa na haɗiye abin da ke bakina.

Da na san abin da zai biyo baya da ban haɗiye ba. Kayan nan jiƙe suke dawowa sau biyu a sati, Laraba da yamma da Lahadi da hantsi, in akwai wasa ranar Asabar sau uku. In ba a shanya ba su yi tsami. Waje kuwa ruwa ake. Sai ya zamana hita ɗaya, awa huɗu a yini, ana rabonta tsakanin sulken Dakta da kayan Walida. Na iya tsarin kamar aikin asibiti: da safe nafkin da riguna, da yamma katifun ƙafa a jingine, safar hannu a sama, takalma a kife an cusa musu jarida. Rigunan ciki ni nake wankewa a bahon wanka, da hannu, a ruwan da ke sa yatsu su ƙage. Sau da yawa da ɗanyen kaya na sa wa yarinya, na ɗumama su a cikin rigata tukuna. Yanzu Hanan in ta zo hutu da tata jakar, a gareji take watsar da ita, ta kunna wata na'ura ta busar da komai kafin a gama cin abinci. Ban taɓa ce mata komai ba.

Ana haka azumi ya kama, tsakiyar Nuwamba. Mutanen gida suna cewa mun huta, yininmu gajere ne, kafin ƙarfe huɗu an sha ruwa. Gaskiya ne babu ƙishirwa. Amma yunwar sanyi daban ce: ba a ciki take tsayawa ba, gaɓoɓi take bi, ga shi ina shayarwa. Wajen azahar sai in rungume gorar ruwan zafi in zauna, in kasa zaman in miƙe. Da asuba in tashi cikin riga uku, numfashina yana hayaƙi a kicin, in ɗumama tuwon semo da miyar kukar da na zo da ita. Cokali-cokali nake auna kukar. Daddawa ta ƙare tun goman farko. Gero babu, sai na koma jiƙa shinkafa ina markaɗawa in yi kunu, lemon tsami a madadin tsamiya. Yau in na bi Stratford Road babu abin da ba na gani, har zogale da kilishi. A lokacin attarugu ma sai ka hau bas biyu.

Ranar Asabar ce kawai nake ganin mutane. Akwai Yaya Asabe a Hulme, 'yar Katsina, mijinta yana digiri na uku, sun shekara shida a garin. A flat ɗinta, hawa na huɗu, gida biyar muke haɗuwa shan ruwa. Tun hantsi mata za mu hallara, kowa da abin da ta samu. Babu turmi, don haka waken ƙosai jiƙa shi muke mu zauna kewaye da baho muna murzawa da hannu, yara suna rarrafe a tsakaninmu, tagogi sun yi gumi saboda tururi. Bilenda ɗaya ce, in ta yi zafi a kashe a jira ta huce. Wadda aka aiko wa yaji daga gida ta ɗebo wa kowa a takarda. Nan ne nake dariya, nan ne kuma nake shan kunya, domin maza za su jeru a falo a kira salla, a waiga babu Dakta.

Wata Asabar mijin wata ya ce, yadda zan ji daga kicin, "Likita guda ya bar littafi ya koma wasan zamiya da 'ya'yan Turawa. In an sake faɗuwa a ce ƙaddara."

Na ci gaba da juya ƙosai kamar ban ji ba, har wani ya ƙone. Yaya Asabe ta karɓi matsamin daga hannuna, ta ce a hankali, "Maman Walida, kowa da inda yake kai kukansa a ƙasar nan. Nawa mijin shekara guda ya yi yana zaga tashar jirgi yana kallon masu tafiya."

Na ce, "Yaya, ni ina zan kai nawa?"

Ta miƙo mini faranti.

Dakta sai bayan magariba yake shigowa, yana ɗingishi. In mun koma gida ya cire riga, in ga aikin da aka yi masa. Abin da suke bugawa wani baƙin faifan roba ne mai taurin dutse, kuma sulken aron ya yi masa yawa, yana barin kafa a damtse da haƙarƙari da cinya. Jini ya kwanta nan shuɗi, nan kore, nan rawaya, sabo a kan tsoho. In gasa masa da tawul, in shafa man zafi. Aikin nas ɗin da na samu a Ingila ke nan. Ina yi ina tambayarsa, "An ci?" Ya ce, "An ci mu." Kullum amsar ke nan. Amma yana cin abinci yanzu, har ya nemi ƙari, wani lokacin in ji yana yi wa Walida waƙa. Sai in rasa da wa zan yi fushi.

Aka yi Sallah cikin ruwa, a wani zauren haya. Janairu ta shigo da sanyin da ya fi na baya, bututun banɗaki ya daskare kwana uku. Walida ta fara tari. Wata Lahadi Dakta ya fita bayan asuba, don 'yan koyo da sassafe ake ba su fili. Gari na wayewa na ji numfashinta ya canza, yana fito, ƙirjinta yana lotsawa tsakanin haƙarƙari. Na san wannan ƙarar, na sha jin ta a ɗakin yara. Babu yadda zan same shi. Na naɗe ta a bargo biyu, na sa ta cikin kot ɗina, na fita Stockport Road. Ruwa ne haɗe da ƙanƙara yake zuba a karkace. Bas ɗin Lahadi ba ya sauri. Na tsaya, na taka zuwa tasha ta gaba, na sake takawa zuwa ta gabanta, ina jin fiton a jikin wuyana.

A asibiti suka karɓe ta da sauri, suka sa mata abin shaƙa. Wata nas da ba ta kai ni shekaru ba ta durƙusa tana nuna mini yadda ake riƙe shi a fuskar yaro, a hankali take magana kamar ga wadda ba ta taɓa ganin asibiti ba. Na ce mata na gode. Likitan ya tambaya ko akwai danshi a gidan, ko ana shanya kaya a ɗaki. Na ce ana yi.

Sai azahar Dakta ya iso, ya ga takardar da na bari a ƙofa. Da jakar ya zo, yana jan ta a barandar asibiti, mutane suna kaucewa. Ya duba yarinyar, ya karanta katinta. Na jira har ya ɗago.

Da tikitin zuwa da komawa na zo ƙasar, rabin komawar zai mutu ƙarshen Afrilu. Na ce, "Dakta, ba zan bar tikitin nan ya mutu ba. Ni da Walida za mu koma Kano. In ka gama ka same mu."

Ya ce, "Daga yau kayan ba za su sake shiga gida ba, zan bar su wurin Tom. Amma saura wasa huɗu, Rabi. In na bari yanzu ba su da gola."

"Mu kuma wa muke da shi?"

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Ya cika alkawarin kayan, bai kuma bar wasan ba. Fabrairu muka yi ta kamar baƙi a masauki ɗaya: ina kwana, ga abinci, sai da safe. Na sauko da akwati daga kan kabad na fara jera kaya, in jera in kwashe in sake jerawa.

Wasan ƙarshe a nan Birmingham aka yi, cikin Maris. Yaya Asabe ce ta matsa mini. Ta ce, "Kawo yarinyar nan, ki bi su ki ga abin da idonki. In za ki tafi, ki tafi kin san abin da kika bari." Ni kuwa ko ba komai na gaji da bangon nan huɗu. Na shiga ƙaramar bas ɗin ƙungiya, ni kaɗai mace, samari suka rage murya suna ba ni kujerar gaba. Da muka shigo gari direban ya ɓata hanya, muka faɗa wani dogon titi cike da kantuna, doya a jibge a bakin shago, mata da hijabi suna ciniki, ƙamshin gasasshen nama. Na manna fuska a gilashi har muka wuce. Ban san a bayan titin nan zan tsufa ba.

Filin kamar cikin firji, kujeru fanko, 'yan kallo ba mu fi ashirin ba. Da Dakta ya fito ban gane shi ba sai da lambarsa. Ashe har lokacin bai iya tafiyar ba sosai. Tom ne ya dafa bayansa ya tura shi har bakin raga. Aka fara. Faifan nan in ya daki katako ƙararsa kamar harbi, kuma kusan duk wasan a gabansa aka yi shi. Ya tare da ƙafa, ya tare da ƙirji, ya faɗi ruf da ciki, ya dafa sanda ya miƙe, kafin ya daidaita an sake aunawa. Ɗaya ya same shi a keji, kansa ya yi baya, na ji shi a haƙorana. Duk wanda ya shiga, ɗaliban can su nuna shi da yatsa suna rera wata kalma. Na tambayi wani ɗan benci, ya yi ja, ya ce rariya suke nufi, haka ake tsokanar gola. Bakwai aka zura masa. Waɗanda ya tare na daina ƙirgawa. Sai da aka tashi na lura a tsaye na yi kallon, tafin hannuna ya manne da gilashin shinge. 'Yan ƙungiyar suka bi layi kowa yana buga hularsa a tasa. A hanyar dawowa ya yi barci, kansa a kafaɗata, na bar shi. Amma akwatina yana nan a shirye.

Taron kyaututtukan ranar Asabar aka yi, tsakiyar Afrilu, saura kwana goma sha ɗaya tafiyata. A mashaya suka saba yi, shekarar nan Tom ya mayar da shi saman wani gidan abincin 'yan Pakistan, da la'asar, saboda Dakta. Lokacin ban ba wannan wani nauyi ba. Dakta ya goge farar shaddarsa ta Sallah da kansa, ya kafa hula. Bai faɗa ba, amma na san yana sa ran kofin wanda ya fi kowa samun ci gaba, don sau biyu ya ambace shi a satin.

Aka ci abinci, Tom ya miƙe da takarda. Aka ba wanda ya fi zura ƙwallo, aka ba gwanin baya. Kofin ci gaban aka kira wani siririn yaro ɗan shekarar farko. Na saci kallon Dakta, yana tafi. Sai Tom ya ce saura ɗaya, ya fara ba da labari. Ya ce a Disamba sun yi wani wasa da Doc, haka suke kiran Dakta, bai ci bai sha ba tun asuba, bai gaya wa kowa ba sai da suka ga gorar ruwansa a cike. Suka tambayi lokacin faɗuwar rana, suka sa ɗan benci ya riƙe agogo, da lokaci ya yi suka nemi hutun da ƙungiya take da shi sau ɗaya tak a wasa, suka kewaye raga, ya zaro dabino daga cikin safar hannu ya tura ta keji. Daga ranar duk wasan azumi haka suka yi. Ban taɓa jin wannan ba. Na gyara wa Walida zama a cinyata, ina jiran a ɗauko kofi.

Tom ya miƙa masa wani abu a naɗe da jarida. Ya buɗe. Rariya ce ta ƙarfe, irin ta tsane taliya, an fesa mata ruwan zinare an ɗaura mata kirtani ja.

Wurin ya ɗauka da dariya, ana dukan tebur. Dakta ya juya ta, ya cire hularsa, ya kifa rariyar a ka, a kan farar shadda, yana dariya har da riƙe ciki. Jikina ya ɗau zafi tun daga ƙafa. Na tuna tabon da na gasa, na tuna mijin matar nan a Hulme. Na saɓi Walida na sauka.

A tashar bas ya same ni. Gari da sauran haske, ana yayyafi. Ya mayar da hularsa, rariyar tana hammata.

Na ce, "Wata shida suna jifan ka, yau su kifa maka kayan kicin a ka, kana dariya. Da a gida ne wa zai yi maka haka?"

"Duk shekara gola ake ba wa, Rabi. Sunayensu suna ciki, duba." Ya karkato ta, an kankare sunaye biyar a gefe, nasa na shida.

"Ba na son gani."

Ya tsaya kusa da ni ya kare Walida daga ruwan. Can ya ce, "Tun da wasiƙar nan ta zo, duk wanda ya kalle ni ta'aziyya yake mini. Har ke. In na kira gida Baba ya ce a yi haƙuri, in shiga masallaci a sauke murya. Wurin yaran nan ne kawai za a ci ni bakwai, a buga mini kai, a ce sai Laraba. Can na koyi faɗuwa ban mutu ba."

Bas ya zo, ban motsa ba, ya wuce.

Na ce, "Na ji. Kai ka sami inda za ka faɗi. Ni ko inda zan gwada ban samu ba. Shekara biyar ina sa wa yara abin shaƙa, aka durƙusa ana koya mini. Ka taɓa tambayata yadda na ji?"

Ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa. Ya ce, "Ban tambaya ba."

A ƙafa muka ƙarasa gida, shi yake ɗauke da yarinyar.

Washegari ya je wurin Tom ya ce su nemi wani golan baɗi. Ranar Litinin ya ajiye aikin sito na safe, ya zauna da jadawalin karatunsa ya ware kwana uku a sati da zai zauna da Walida. Shi ya buga waya asibitoci, har aka sami wani da ke ɗaukar nas-nas na waje su yi kwas suna aiki, aka ce in zo a gan ni ranar Alhamis ta sama. Bai ce in fasa tafiya ba, ni ma ban ce na fasa ba. Ranar jirgin ta zo ta wuce ina bitar littafin da Yaya Asabe ta aro mini. Shi kuwa jarrabawarsa sai a zama na uku ya haye, shekara biyu bayan nan muka dawo Birmingham da aiki.

Ranar Alhamis ɗin na fita ni kaɗai, babu goyo. Na bar shi a bakin ƙofa ya ɗaure Walida a baya da zanina, ɗaurin duk ya karkace. Afrilu ce amma iskar tana yanka, na kuma manta safar hannu. A asibitin wata babbar sista ce ta karɓe ni, baƙar mace 'yar Jamaika, gashinta ya yi furfura. Ta duba takarduna, ta yi mini tambayoyi, sannan ta naɗe hannun rigarta ta turo mini abin awon hawan jini, ta ce in gwada a kanta.

Yatsuna sun ƙage. Na naɗa shi a juye, na kwance, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Na tsaya ina kallonsa, ina jiran ta rufe fayil ɗin.

Ta sunkuya ta ɗauka ta ajiye a tebur. Ta kama hannuwana biyu ta sa tsakanin nata tana murzawa. Ta ce hunturunta na farko a ƙasar nan ko allura ba ta iya zarewa daga leda. Ta murza har na fara jin yatsuna, sannan ta sake miƙo hannunta.

Ta ce, "To, nas. Sake."

Na naɗa, na sa abin sauraro a kunne, na fara matsa iska.